Ranar da Aka Kori Baban Ruba Zuwa Tsibiri

Sunan mijina Rafi'u. Na rubuta ne don takarda ba ta da kunya, amma da bakina ban taɓa kiran sa haka ba, kuma ba yau zan fara ba. Mutanen Sa'alaba, unguwarmu a kudancin Jidda, Abu Hamad suke ce masa. Ni kuwa Bara'atu 'yar Haɗeja ce, ba a raine ni in riƙa ambaton ɗan fari gatsal ba, shi ya sa na tsallaka kan ta biyu nake ce masa Baban Ruba. Akwai kuma wani sunan da ya fi so duk a cikinsu, wanda ba a gida aka raɗa masa ba: Hakam, wato alƙalin wasa. Shekara ashirin da biyu yana amsa shi kowace Juma'a da safe, a wani fili da ke bayan ɗakunan ajiyar kaya, inda baƙin ma'aikata ke wasan kurket.

Kurket fa na ce. Idan ba ku san shi ba, ba ku yi asarar komai ba. Ana kafa sanduna uku a ƙasa nan, wasu uku a can, mutum ya tsaya a gaban na nan da faffaɗan katako yana kare su, wani ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo. In ka doke ta ta yi nisa, kai da abokinka ku yi ta kai da komo tsakanin sandunan nan da na can, kowane zuwa maki ɗaya. In ta kuɓuce maka ta zubar da sandunan, ko wani ya cafe ta a sama, ka fita. Iyakar abin ke nan. A kan wannan ne magidanta masu furfura, 'yan Pakistan da 'yan Indiya da 'yan Bangaladash da 'yan Siri Lanka, suke hana idonsu barcin safiyar Juma'a, ranar hutunsu ɗaya tak a mako. A tsakiyarsu kuma, cikin farin kwat, ga Bahaushe ɗaya tilo, nawa.

A nan Jidda aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Kakansa ne ya taso a ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Katagum, ya yi shekara bakwai a hanya yana ƙodago a gonakin Sudan, ya ƙetare teku ya yi hajji, bai koma ba. Sunan ƙauyen kuwa ya tafi kabari tare da kakarsu, don babu wanda ya yi dabarar tambayar ta kafin ta rasu. Fasfo ɗin Baban Ruba kore ne, an rubuta Najeriya, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba. Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausarsa kuma sai ta bi ta maƙogwaro kafin ta fito. A wurin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, baƙo ne. A cikinmu da muka zo da girmanmu kuma ɗan Jidda ne, muna yi masa dariya idan ya ce zai sayo khubzu maimakon burodi. Shi da kansa yakan ce jemage ne shi, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, ɓeraye ma sun ce ba su san shi ba. Yana faɗa yana dariya, ni ma na daɗe ina taya shi.

Ni umra na zo a 1998 na zarce, kamar yadda dubbai suka yi, shekara na zagayowa aka ɗaura mana aure. Ina da gari, ina da unguwa, na san ƙofar gidanmu da durumin da ke gabanta. Shi ya sa duk ranar da ya ɓata mini rai makamina ɗaya ne: “Wallahi Haɗeja zan koma.” Na faɗa ya fi sau dubu. Sau biyu kacal na je, na ƙarshen ma shekara goma sha uku ke nan.

Ciwon kurket ya kama shi tun kafin in zo, amma na ji labarin har na haddace. A 1996 yana saurayi yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wata warsha, wato shagon gyara, a Sharafiyya. Abokin aikinsa wani siririn mutum ne ɗan Siri Lanka mai suna Bandara, kafilinsu, wato Balaraben ubangidan da ya tsaya musu a takarda, ya ga sunan ya yi masa tsawo ya datse shi ya koma Bandar. A shekarar ne ƙasarsu ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na kurket. Bandar ya ɗora 'yar talabijin a kan wani mataccen firji a bayan warsha, mutanen tsibirinsu wajen talatin suka cika wurin, direbobi da masu girki da masu shara. Mijina shayi kawai ya shiga kai musu. Bai fito ba sai da aka tashi.

Suka ci kofin. Ya ce bai taɓa ganin ƙarti suna kuka irin na ranar ba. A lokacin ana yaƙi a ƙasarsu, kuma a cikin talatin ɗin nan akwai waɗanda a can gida danginsu ba sa ga-maciji da juna, amma ranar sun ƙanƙame juna suna kiran sunan ƙasa ɗaya. Wani tsoho mai wankin mota ya rungume mijina shi ma, yana ta zuba masa magana da yarensu, ya manta ba ya ji. Washegari kafilin, wanda ya shekara huɗu yana zaton Bandar ɗan Indiya ne, ya shigo ya ba shi hannu ya ce, “Mabruk, ya Sirlanki.” Wato barka, ɗan Siri Lanka.

“Ka gani, sadik?” in ji Bandar bayan kafilin ya fita. Sadik, wato aboki, haka yake kiran sa kullum. “A garin nan da abu biyu aka san mu, ganyen shayi da 'yan aikin gida. A taswira kuwa ɗan ɗigo ne mu a ƙarƙashin Indiya, yaro ma zai rufe mu da babban yatsa. Amma jiya duniya ta koyi sunanmu.”

Tun daga ranar mijina ya zama ɗan tsibirin da bai taɓa gani ba. Ya koyi dokokin wasan kaf, har waɗanda masu shi suka manta. Lokacin da aka kawo ni ɗakinsa, abin da na fara gani a bango taswirar Siri Lanka ce, na zaci hoton mangwaro ne. Ya haddace tashoshin jirgin ƙasa daga Kolombo zuwa kudu, har wadda ake sauka a shiga ƙauyen su Bandar. Ya san kwanar da mai sayar da ɗanyar kwakwa yake zama, ya san filin makarantar da idan aka doki ƙwallo da ƙarfi take faɗawa teku, yara su bi ta da iyo. Wata shekara Bandar ya dawo daga hutu ya kawo masa tsarabar wani katako da aka sassaƙa daga gindin reshen kwakwa, ya ce da irinsa kowane yaron tsibirin yake fara wasa. Mutane ana kawo musu turare da yadi, mu reshe aka kawo mana. Aka rataye shi a falo, sama da hoton aurenmu.

Na taɓa ce masa, in ƙasa kake nema ai ga Najeriya, ga ƙwallon ƙafa, me ya kai ka tsibirin mutane? Ya ce ya gwada. Ya je kallon wasa a shagon wasu 'yan Kano, Najeriya ta zura ƙwallo, ya yi tsalle ya yi ihu, sai ihun ya fito da Larabci. Wani ya waiwayo ya ce, “Kai kuma Balarabe, me ya yi maka zafi?” Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai sake komawa ba.

Alƙalancin kuwa rigima ce ta jawo shi. A filin nan kowace ƙungiya ta 'yan ƙasa ɗaya ce, kuma da can a cikinsu ake zaɓen alƙali. In ɗan Pakistan ya yi hukunci 'yan Indiya su ce son kai, in ɗan Indiya ya yi a tashi baram-baram. Wata Juma'a har aka fasa wa wani baki. Sai Tariƙ, wani ƙaton direban tirela ɗan Lahor da ke shugabantar kwamitin filin, ya ce magani ɗaya ne, a nemo wanda ya san wasan amma ba shi da ƙasa a cikinsa. Duk suka juya suka kalli mijina, yana zaune a kan bulo yana riƙe wa Bandar ruwa. A ranar aka kafa doka: duk wanda ya taɓa saka rigar wata ƙungiya ya shiga fili, ba shi ba alƙalanci har abada. Ya dawo gida baki har kunne, wai an girmama shi. An girmama shin kuwa. Ni dai ban ce masa komai ba a kan dalilin.

Kowa ya san inda zuciyarsa take, amma sun kuma san 'yan tsibirin ya fi tsananta wa, don kada a ce. Bandar kansa ya fitar da shi ya fi sau hamsin. Farin kwat ɗin a kasuwar gwanjo ya samo shi, da alama na wani mai kemis ne. Ni ke wanke shi duk Alhamis, in sa masa bula, in goge. A aljihun dama akwai ƙwallayen dabino guda shida, don a wasan kowane mai jifa sau shida yake jefawa a ba wani. Duk jifa ɗaya sai ya mayar da ƙwallon dabino ɗaya aljihun hagu. Wata rana, ina sabuwar shiga harkar, na zazzage aljihun a kwandon shara, na ce wace irin ƙazanta ce wannan. Ranar na ga magidanci tsugune a bakin bola yana tono. Shidan nan ya ci gaba da amfani da su har suka yi baƙi suka yi santsi. Sannan masu jifa suna ba shi ajiyar hulunansu kafin su yi gudu, shi kuma ya jera su a kansa, wata kan wata. Ruba ta taɓa nuna mini hotonsa a waya da hula huɗu a ka, koriya da shuɗiya da ja da ruwan ɗorawa. Na yi dariya har na ƙware.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ina jin daɗin abin. Mutumin da a sauran kwana shida yake hawa tsani da mukayyif a kafaɗa, yaran da ya yi jika da su suna ce masa “kai, zo nan,” ranar Juma'a in ya ɗaga yatsa ɗaya, injiniya ne ko akanta, sai ya sunkuyar da kai ya bar fili. Har gida ake aiko mana da biryani, dafa-dukar shinkafarsu, ranar salla.

Akwai wata al'ada a filin da ya fi yawan ba ni labari, ni na sa mata suna rakiya. Idan aka fitar da mai duka, magoya bayan ɗaya ɓangaren sai su hau bugun jarkoki suna kora shi garinsu da Larabcin 'yan aiki. “Yalla, ruh Lahor!” Wato tafi Lahor. “Ruh Kerala!” “Ruh Daka!” 'Yan Siri Lanka kuwa ba a wahalar neman sunan gari, “Ruh jazira!” kawai ake ce musu, tafi tsibiri. Shi kuma wanda aka kora, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, sai ya ɗaga katakonsa sama ya ce, “Amin!” Don duk wanda ke filin nan, in ka tsaga zuciyarsa, abin da yake roƙo ke nan. Tsiya ce ake yi wa juna, amma kowa na so a yi masa ita. Baban Ruba yakan kwaikwayi muryoyinsu a falo yana buga tiren shayi. Shekara ashirin da biyu yatsansa ne ke tayar da rakiyar nan, kuma ban taɓa tsayawa na lura cewa shi ba a taɓa yi masa ba.

Bara waccan Bandar ya cika sittin, gwiwoyi suka ƙi tsani, kafili ya buga masa fita ta ƙarshe, wato takardar komawa gida ba dawowa. Saura mako biyu ya tafi sai ya zo gidanmu bayan la'asar da leda a hannu. Na kawo shayi na koma bakin ƙofar kicin, inda ake jin komai. Ya zaro riga shuɗiya mai ratsin ruwan ɗorawa, da zaki riƙe da takobi a ƙirji. A baya an rubuta RAFI.

“Juma'a ta sama wasana na ƙarshe, da su Tariƙ,” in ji Bandar. “Yaranmu sun zauna sun yi shawara. Shekara ashirin da bakwai kana tare da mu, ba ka taɓa tsayawa a gaban sanduna ba. Muna so ka shiga cikin sha ɗayanmu. Amma ka san doka, sadik. In ka ce a'a, mafi mushkila, ba damuwa, ka ajiye ta tsaraba.”

Mijina ya ɗora rigar a cinya yana shafa zakin.

Kafin kwana biyu labari ya kai kunnen Tariƙ. Shi ma ya zo, ya cika mana kujera, ya ƙi shan shayi.

“Ya Hakam, ka yi wa Allah,” ya ce. “Wasa ɗaya ne fa. Bandar zai hau jirgi ya tafi, kai kana nan, mu ma muna nan. Dokar nan ni na kafa ta, in na karya maka ita, gobe kowa ya kawo ɗan'uwansa. Wa zai tsaya mana a tsakiya? So kake mu koma fasa baki?”

Mijina ya ce zai yi tunani. Tariƙ ya fita yana girgiza kai. Ni a bayan Tariƙ nake ɗari bisa ɗari, kuma ban ɓoye ba. Yana fita na fito da ludayi a hannu.

“Baban Ruba, kai yanzu da furfurarka za ka zubar da shekara ashirin da biyu saboda safiya ɗaya? Wa ya san ka a garin nan in ba da farin kwat ɗin nan ba? Kayan aro fa ba ya rufe katara. Ka saka rigar, ka cire, kana nan dai yadda kake. Tsibirin nan ko a mafarki ya san da zamanka?”

Ya daɗe yana kallon taswirar. Sannan ya ce a hankali, da Hausarsa ta maƙogwaro, “Ya Ummu Hamad, ke idan na ɓata miki rai kina cewa za ki koma Haɗeja.”

“To, sai me?”

“Ni idan kika ɓata mini, ina zan ce zan koma?”

Ni da ba a taɓa ƙure ni a magana ba tun ina budurwa, na koma kicin na tarar miya ta kama. Na tsaya ina kankare tukunya ina jin kunya, don shekara ashirin da huɗu ina kaɗa masa garinmu a fuska, ban taɓa tunanin yadda abin yake sauka a kunnensa ba.

Washegari bayan la'asar ya sauko da reshen kwakwar nan daga bango, ya kakkaɓe shi, ya ce in hau saman bene in jefa masa ƙwallo, don kunya ba za ta bar shi ya koya a gaban maza ba. Sai a lokacin na gano abin mamaki. Mutumin da ya san dokar kurket fiye da Turawan da suka ƙirƙiro shi bai iya dukan ƙwallo ba ko kaɗan. Muka jingina bokiti a bango a matsayin sanduna, tsakanin igiyoyin shanya. Ƙwallon irin tasu ce, ta tanis da aka naɗe da salatif ɗin masu gyaran wuta. Ni da ko jifan kaza ban iya ba, na doki bokitin nan sau uku a jere. Na ce, “Hakam, ɗaga yatsa mana, ka fita.” Ya ce iska ce. Kwana shida muna wannan, maƙwabta suna leƙe ta taga, ƙwallo biyu suka faɗa gidan Yamalawan da ke bayanmu ba su dawo ba.

Ranar Alhamis na ɗauko farin kwat zan jiƙa kamar kullum. Ya ce, “Bar shi.” Na wanke abina duk da haka, na goge, na rataye.

Ban taɓa zuwa filin ba sai ranar. Ruba ce ta kai mu a 'yar motarta bayan sallar asuba, tana ta yi wa babanta tsiya rabi Hausa rabi Larabci. “Baba, wallahi shaklak helu, ka yi kyau, kamar ɗan wasan gaske. Bas tumbin ne mushkila.” Filin ba wani abu ba ne, fegi ne na ƙasa da tsakuwa, da dogon siminti a tsakiya, da rumfunan leda guda biyu. Iska tana kawo ƙarnin teku da warin dizal. Amma 'yan tsibirin sun ɗaura tutarsu a kan tsani, wani ya zo da ƙaho, wani da ganga, suna wani kiɗa mai kama da na biki. Ni da Ruba muka zauna a mota muka buɗe ƙofofi.

Da ya fito cikin shuɗiyar riga, filin ya yi tsit. Ya tafi kai tsaye wurin wani akanta ɗan Bangaladash, wanda ciwon baya ya hana shi wasa tun zuwansa, shi aka roƙa ya yi alƙalancin. Ya zaro ƙwallayen dabinon nan shida ya zuba masa a tafin hannu. Daga nesa na ga yana nuna masa aljihun dama da na hagu. Tariƙ ya juya baya.

'Yan tsibirin ne suka fara duka. Na zauna awa ɗaya da rabi ina kallon abin da ban gane ba, Ruba tana yi mini bayani. Na ga rakiya da idona, jarkoki, da “Ruh jazira!”, da katako a sama, da “Amin!” Bandar ya shiga na biyar ya ƙi fita, yana ɗingishi yana tara maki. Da aka kori mutum na tara sai ga mijina ya miƙe, shi ne na ƙarshe a jeri. Aka miƙa masa katako mai kyau, ya ƙi karɓa. Da reshen kwakwarsa ya shiga. 'Yan tsibirin suka gane abin da ke hannunsa tun daga nesa, suka tashi tsaye gaba ɗaya, har mai ƙahon ya kasa busawa.

Mai jifan su Tariƙ wani dogo ne da aka ce ba a ganin ƙwallonsa. Amma da ya ga wanda ke gabansa sai ya tako a hankali ya lallaɓo ta, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Mijina ko ɗaga reshen bai yi ba. Ya bar ta ta wuce ta gefe, ya tako tsakiyar siminti, muryarsa har mota.

“La, la, la! Ni ba Hakam ba ne yau. Ka jefo mini irin wadda kake jefa musu!”

Dogon ya kalli Tariƙ, wanda ke tsugune a bayan sanduna da safar hannu. Tariƙ ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Halas, shi ke nan. Jefo masa.”

Ta biyun ban gan ta ba, ƙara kawai na ji. Ta gogi gefen reshen ta yi wani wajen da shi ma bai nufa ba. Bandar ya ƙwala ihu, “Yalla, sadik, gudu!” Tsofaffi biyu, ɗaya da ɗingishi ɗaya da tumbi, suka wuce juna a tsakiyar siminti. Maki ɗaya. Na tsinci kaina a tsaye a wajen mota ina rangaɗa guɗa, ni da nake cewa wasan marasa aikin yi ne. Ruba ta ce, “Ummi, ayb, abin kunya!” Na ce ta rufe mini baki.

Bandar ya ƙara maki ɗaya, ya dawo da shi gaban sanduna. Ta ukun da aka jefa masa ita ce ta ƙarshe. Ya kai duka iya ƙarfinsa, ya doki iska, sandar tsakiya ta tashi ta yi alkafura.

Sai shiru. Masu jarkoki sun ɗaga hannu amma ba wanda ya buga, na ga suna kallon juna. Wannan fa Hakam ne, mutumin da suke tashi tsaye in ya iso, ta ina za a fara yi masa tsiya? In ma za a yi, ina za a kora shi? Jidda, ai a cikinta yake tsaye. Najeriya kuma kowa ya san bai san ta ba. Ya tsaya jim kaɗan a gaban sandunan da suka zube. Sannan ya saka reshen a hammata ya kama hanyar rumfa, kansa a ƙasa, ba abin da ake ji sai takunsa a kan tsakuwa. Na ce a raina, shi ke nan, ya zubar da kwat ɗinsa a banza, ko a nan ma ba su san inda za su ajiye shi ba. Wallahi da ina da jarka da ni zan fara.

Ya yi taku wajen goma sai Tariƙ ya miƙe daga tsugunno. Ya cire safar hannu ya yar a ƙasa, ya haɗa tafukansa a baki. Mutumin nan da aka raba da alƙalinsa, wanda ko gaisuwa bai amsa ba da safen, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

“Ya Rafi! Yalla, ruh jazira!”

Jarkoki suka ɗauka gaba ɗaya. 'Yan Pakistan, da 'yan Indiyan da ke jiran nasu wasan, har alƙalin da bai kamata ya sa baki ba. “Ruh jazira! Ruh jazira!” 'Yan tsibirin ma, da ya kamata su ji haushi, suka shiga ciki da ƙahonsu. Baban Ruba ya tsaya cak. Ya juyo ya dube su. Ya ɗaga reshen kwakwar sama da hannu biyu.

“Amin,” ya ce. “Amin, ya jama'a.”

Bandar ya ɗingiso ya rungume shi. Ni kuwa na koma mota na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar innata, wadda aka binne ban je ba. Su Tariƙ ne suka ci wasan, in kuna son sani, kuma da rata mai yawa.

Bandar ya tafi ranar Talata. Yana kiran mu ta bidiyo, ya nuna mana filin makarantar nan, da tekun, da kwanar mai kwakwa, wanda ashe ya rasu, ɗansa ne a wurin yanzu. Kullum sai ya ce, “Yaushe, sadik?” Mijina ya ce, “Bana, in sha Allah.” Bana biyu ke nan. Tariƙ bai karya dokarsa ba, mijina kuma bai roƙa ba. Farin kwat yana rataye a bayan ƙofa, biryanin salla ya ragu. Duk Juma'a yana saka shuɗiyar rigarsa ya je ya zauna a rumfar 'yan tsibiri, waɗanda yawancinsu yanzu ba a ma haife su ba a 1996, yana buga jarka yana yi wa sabon alƙali ihu cewa makaho ne. Shi fa, da bakinsa. Wani lokaci in ya dawo nakan ga hannunsa yana laluben aljihun dama, ya tarar ba komai. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce yana dai kewa.

Ni kuma na daina cewa zan koma Haɗeja. Na yi sama da shekara ban faɗa ba, sai ran nan ya bar mini buhun shinkafa a ƙasan bene ya hawo hannu rabbana, wai ya manta. Raina ya ɓaci, tsohon hali ya motsa, kafin in ankara maganar ta fito: “Wallahi Haɗeja zan…” Na tsaya. Ya dube ni. Ya miƙe a tsakiyar falo, ya gyara tsayuwa irin ta da, ya ɗaga yatsa ɗaya sama a hankali. Sannan ya ɗauki tiren shayi ya hau bugu.

“Yalla, ya Bara'atu, ruh Haɗeja! Ruh Haɗeja!”

Na buɗe baki in ce masa tsufa ya fara taɓa shi. Sai na ga durumin ƙofar gidanmu, na ji ƙanshin kifin da ake soyawa a bakin kasuwa da yamma, na tuna ba wanda ya rage a gidan da zai gane muryata daga zaure. Ludayin yana hannuna. Na ɗaga shi sama.

Na ce, “Amin.”